Sunan da ke gida na bakwai

Washegarin ruwan shuka na damanar 1981 gidanmu ya kwashe kaf ya tafi gona tun da asuba, maza da sungumi, mata da ƙoƙon iri. A cikin yara ni kaɗai aka bari, saboda ƙaya ta soke ni a dunduniya, sai kakata ta wajen uba wadda duk garin ke kira Iya Kudus. Shekarata tara. Ƙasar tsakar gida ta yi laushi tana ƙamshi, kaji suna bin gina a gindin rumbu, ni kuma ina ɗingishi daga bakin ɗaki zuwa randa. Iya ta daɗe tana kallona daga kan tabarmarta, sannan ta ce, "Zali, tunda kin zama mai ƙafa ɗaya, zo in nuna miki aikin masu ƙafa ɗaya." Ta karya kara ta zana gidaje bakwai a ƙasa. Ba irin zanen 'yar gala-galar da muka saba ba ne. Nata ya miƙe, ya karkata hagu a gida na uku, ya sake miƙewa, kamar hanyar da ke kauce wa wani abu. Ta jefa tsingaro, ta tattare zanenta, ta yi tsalle da kanta, mace mai jikoki, tana faɗin kalma ɗaya a kowane gida. A gida na bakwai ta sauke ƙafafunta biyu, ta faɗi kalma ta ƙarshe, ta tsaya tana haki.

Kalmomi shida na farko suna nan a kaina har yau da nake zaune a unguwar Bronx ta New York. Ta bakwai ce ta ɓace mini, kuma ita ce sunan ƙauyen da aka haifi Iya a ƙasar Falasɗinu. Zan faɗi yadda ta ɓace iyakar abin da na sani, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Kafin a gama noman farko wasan ya fita daga gidanmu ya kama unguwa. Muna yinsa a bakin rijiya kafin layi ya zo kanmu, muna yinsa idan mun kai fura gona muna jiran a ba mu ƙwarya, muna yinsa a filin lakwal, wato makarantar boko, ƙarƙashin itacen bedi har mai gadi ya gaji da share zanen. Kalmomin Iya ba Hausa ba ne, amma bakinmu ya maida su Hausa cikin mako guda. Muna cewa, "Biri, sabara, Jummai za ta, karuba, baidara, makami." Har labari muka haɗa musu, wai biri ne ya shiga sabara, Jummai za ta kamo shi, ta tsaya neman makami. Baidara ce kawai muka rasa yadda za mu yi da ita, muka bar ta haka. Karuba kuwa ta jawo wa ƙanwata Ramatu duka, don wata maƙwabciyarmu mai nauyin kunne ta ji wata kalmar daban ta kai ƙara gida. Ka'idar gida na bakwai ita ce ki shuri tsingaron ya shiga ba tare da ya hau layi ba. Kalmar Iya ta wurin tana farawa da wani abu kamar "bai ta", mu kuwa muka ƙarasa mata da abin da ya dace da wasan. Da tsingaro ya faɗa tsakiya sai mu kwashe da ihu, "Bai taɓa ba!" Na tuna Iya ta gyara mana sau biyu ko uku. Takan ce, "Ba haka ba ne, 'yan banza," tana dariya, ta faɗi sunan daidai. Amma mu bakwai ne ko takwas, kowa na ihu, wa ke jin tsohuwa.

Labarinta ba ta taɓa zama ta ba mu shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Gutsure-gutsure muke samu, a wajen ɓarar gyaɗa, a wajen tsince wake, ko idan tana kaɗi ni ina riƙe mata auduga. Mahaifinta mutumin ƙasar Damagaram ne, ya tafi Makka da ƙafa, ya sauke farali, ya ce sai ya ziyarci Kudus. A can guzurinsa ya ƙare, ya kama gadi a wani lambun lemo a ƙauyen da ke tsakanin Kudus da teku. Ya auri 'yar wani alhaji irinsa, aka haifi Iya a ɗakin da ke bakin lambun. Takan ce da lemo ya yi fure ƙamshin yakan shiga har cikin ruwan sha. Takan ce burodinsu a kan tsakuwa mai zafi ake gasa shi cikin tanderun laka, a tsoma shi a man wani itace, shi ke nan an karya kumallo. Matan gidanmu sukan kalli juna. Goggo Habsu takan ce, "Iya, garin da ake cin gurasa kullum, me ya kawo ki cin tuwon dawa?" Iya ba ta taɓa zuwa Makka ba, don haka ba Hajiya ba ce, kuma sunan Kudus da aka laƙaba mata rabinsa tsokana ne. Ba ta da shaida. Iyayenta sun rasu a hanya, kakanmu kuma kafin ya rasu abin da yake faɗi ɗaya ne, "Ni dai a Sudan na same ta."

Fitowarsu sau ɗaya na ji ta daga bakinta, wata kaka muna sheƙar hatsi a bayan gida. Ta faɗe ta kamar mai faɗin abin da ya samu wasu. Ta ce alkama ta nuna ba a girbe ba, sai aka kwana biyu ana jin harbi daga ƙauyen da ke kusa, mutanen can suka shigo musu da yara a kafaɗa. Rana ta uku harbin ya iso kansu. Mahaifiyarta ta kwaɓa gari ke nan, ta rufe shi da tsumma ta ce kada kaji su shiga. Kowa cewa yake mako ɗaya ne a dawo girbi. Suka bi ayari zuwa Gaza, tana da shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Bayan wasu watanni mahaifinta ya bi wasu maza suka lallaɓa suka koma su ɗauko abin da ya rage. Ya dawo hannu wofi, ya ce an rushe gidajen duka, har ya kasa gane inda ƙofarsu take. Daga nan ya ce maƙwabtansa ba su da inda za su, amma shi yana da ƙasar da ya baro. Suka yi Masar, suka yi shekaru a Sudan suna tsintar auduga, inda mahaifiyarta ta rasu, inda kuma aka aura mata kakanmu da ke kan hanyarsa ta dawowa daga haji. Mahaifinta bai ga Damagaram ba, a Chadi aka binne shi. Ta shigo ƙauyenmu na kusa da Tasawa da babana a goye. Tana gama faɗin haka ta ce in matsar da faifan, iska ta juya.

Shekarar da ta biyo, ina aji huɗu, aka kawo wa lakwal ɗinmu taswirar duniya. Mushe Isufu, malaminmu, ya rataye ta a bango ya hana kowa taɓawa. Ya tambaya ko akwai wanda danginsa suka taɓa fita ƙasar waje. Aka ce Kano, aka ce Kumasi, aka ce Makka. Ni ba mai ɗaga hannu ba ce, ina tsoron kuskure tun ina ƙarama, amma ranar na ɗaga na ce kakata a Falasɗinu aka haife ta. Mushe ya bi gefen teku da sandarsa ya ce shi bai ga ƙasa mai wannan suna ba a nan. Ya ce to mene ne sunan garin, ko zai same shi. Na buɗe baki, na nemi kalmar Iya na rasa, abin da ya fito shi ne, "Bai taɓa ba." Ajin ya ɗauki dariya, don kowa ya san wasan. Mushe ya jira aka lafa, ya ɗora sandar a kan taswira ya ce, "Lallai kam, sandata ma ba ta taɓa shi ba." Har aka tashi ana jifana da maganar.

Na iso gida na tarar da Iya tana dama fura. Ko sallama ban yi ba na ce mata Mushe ya duba, garinsu babu shi a duniya. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Mushenku ya yi karatu. Babu shi." Ta miƙo mini ludayi. Na so in tambaye ta sunan a lokacin, fushi ya hana ni, daga baya kunya ta hana ni. Wasan ya ci gaba a unguwa, amma Iya ba ta ƙara gyara mana ba, ba ta kuma ƙara maganar lemo ba, ko dai ta yi ban ji ba. Ta rasu ina da shekara goma sha huɗu, shekara biyu bayan na gama firamare na bar karatu.

A 2009 na biyo mijina New York, inda yake da tebur na huluna da jakunkuna. Na samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A farkon 2015 ejensin da ke ba mu aikin ta tura ni wajen wani tsoho a unguwar Bay Ridge mai suna Abu Nabil, wanda aka yi wa aiki a ƙugu. Daga titinmu na Grand Concourse nakan hau jirgin ƙasa na layin D in ratsa gari duka, in canja jirgi a Brooklyn. 'Yarsa Samira ta nuna mini magungunansa da abincinsa, ta ce su Falasɗinawa ne. Na ji, ban ambaci Iya ba, don ban ga abin da zan ce ba wanda zan iya tsayawa a kansa. Ina kiransa Baba, yana kirana binti, wato 'yata, muna magana da Turancin da ya rage mana mu biyu.

Ina da wata ɗabi'a da nake ɓoyewa. Idan ina tsoron wani abu zai faɗi ko zai zube, nakan ƙirga da kalmomin wasan nan a maimakon ɗaya, biyu, uku. Nas ɗin da ke duba shi ta ce Baba ya riƙa tafiya daga kujerarsa zuwa tagar kicin kullum da safe da sandarsa mai ƙafa huɗu, ni ina riƙe da bayansa. Taku bakwai ne. Wata safiya ƙafarsa ta yi rawa, tsoro ya kama ni, ƙirgar ta fito fili ban sani ba. A taku na huɗu ya tsaya cak. Na ɗauka ciwo ne. Ya ce in sake faɗi. Na ji kunya na ce wasan yara ne na ƙasarmu. Ya ce, "Binti, sake faɗi, a hankali."

Muka zauna a kicin, ya ce kalmomin yarensu ne, ya kwance mini su ɗaya bayan ɗaya, yana gyara mini baki. Biri, ya ce, bir ne, rijiya. Sabara sabar ce, wata shuka mai ƙaya mai ganye kamar tafin hannu da suke shinge da ita. Jummai ba mutum ba ce, jummaiza ce, babban itacen ɓaure. Karuba itace ne mai 'ya'ya dogaye kamar na ɗorawa. Baidara masussuka ce. Makami kuwa makam ne, hubbaren waliyyi da ke bakin gari. Ya ce wannan ba wasa ba ne, hanya ce, hanyar yarinyar da ta ɗebo ruwa za ta gida. Na tuna karkatar nan ta gida na uku, na gane itacen take zagayewa. Na ba shi labarin Iya. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce baƙaƙen alhazai masu gadin lambu sanannu ne a yankinsu, ana yarda da su fiye da 'yan gari, kuma nasu ƙauyen ma yana da ɗaya, dogo mai carbi. Shekararsa goma lokacin da suka fita, su ma Gaza suka yi. Ya ce ya koma sau ɗaya da fasfon Amurka, bai samu ko bango ba, sabar kawai ya gani tana nan a layi inda shingaye suke. Na shiga bayi na wanke fuskata, na dawo na ba shi maganinsa na ƙarfe goma. Shekara talatin da uku ke nan da ranar taswira, sai yau wani ya ce Iya ba ta ƙara ko kalma ba.

Saura suna. Na ce masa yana farawa da "bai ta". Ya ce Bait ne, kuma sunan ƙauyensu ma da Bait ya fara. Ranar Asabar Samira ta zo da takardu da ta buga, jerin ɗaruruwan ƙauyukan da aka tasa a yaƙin 1948. Ta karanta mini duk masu farawa da Bait, sau biyu, ina rufe da ido. Uku sun taɓa mini kunne. Ɗaya daga cikinsu nasu ne. Ba zan rubuta su a nan ba, kada wani ya karanta ya ɗauka na zaɓa.

Baba kuwa ya riga ya zaɓa. Ɗan baffansa, mutum na ƙarshe da ya sani wanda aka haifa a ƙauyen, ya rasu a hunturun da ya wuce, kuma tun lokacin, in ji Samira, ba ya son cin abinci. Yanzu ya samu jikar 'yar garinsu a cikin kicin ɗinsa. Ya fara gaya wa baƙi cewa ni tasu ce. Abin da ya dame ni shi ne ina riƙe duk maganar da ya faɗa. Ranar farko ya ce a garinsu hubbaren yana kafin masussuka idan an taso daga rijiya. Bayan mako guda ya ce a'a, masussukar ce farko. Ranar farko ya ce bai san mai gadinsu da iyali ba. Daga baya ya tuna wata yarinya baƙa mai ɗaukar tulu, daga baya ma har ya tuna ta taɓa ba shi lemo. Ban ce ƙarya yake ba. Mai shekara saba'in da bakwai yana iya tuna abu a hankali. Amma kullum idan na zo sai ya faɗi sunan ya dube ni, yana jira in ce shi ne.

Samira ta tare ni a bakin ƙofa ina sa takalmi. Ta ce, "Zali, don Allah. Kalma ɗaya ce. Kin ga yana ci, yana tafiya. Wa zai kama ki?" Na ce zan yi tunani. Na yi ta tunanin a jirgi har na wuce tasharmu. Mijina ya ce, "Ke dai da ɗora wa kai kaya. Ɗaya cikin uku ne fa, ko caca ce ai kin kusa ci. Ki faranta wa tsoho." Na kira Ramatu a Tasawa ko ita ta riƙe. Ta rera mini tun daga biri har makami, ta yi ihun "Bai taɓa ba!" ta fashe da dariya, ta ce ashe har Amurka ana yi. Goggo Habsu ta rasu, babana ya rasu. Na faɗi sunan garin su Baba a bakina sau ɗari ko zai zauna a inda muryar Iya take. Wani lokaci sai in ji ya zauna, in na gwada ɗayan shi ma sai ya zauna. An fitar da Iya daga garinta sau ɗaya, na ƙaryata ta sau ɗaya. Idan na ce eh alhali ban sani ba, na ɗauke ta ke nan na kai ta garin wasu, kuma ba ta nan balle ta ce ba haka ba ne.

Ranar Litinin da ya faɗi sunan ya dube ni, na ce, "Baba, ban sani ba. Zai iya zama shi, zai iya zama ba shi ba. Ni ce ban saurara ba lokacin da ake faɗa mini." Ya juya fuskarsa wajen bango. Ranar bai yi tafiya ba, washegari ma haka, ya ce ƙugunsa na ciwo. Samira ta daina yi mini magana sai ta saƙon waya. Na shirya jin an ce ejensi ta canja ni, kuma da an canja ni ba zan ce an zalunce ni ba. Ranar Laraba na same shi zaune a bakin kujera, sanda a gabansa. Ya ce, "Ke mai taurin kai, zo ki ƙirga." Na riƙe bayansa. Na ce bir, na ce sabar, yadda ya koya mini, har makam. A taku na bakwai na yi shiru. Ya ajiye ƙafarsa a gindin taga ya faɗi sunan garinsu da kansa, bai dube ni ba. Haka muka riƙa yi kowace safiya, shida nawa, ɗaya nasa, har ya rasu a ƙarshen 2017.

A da sunan yana cikin gidanmu, yana zaune a kan tabarma yana kaɗi, taku biyar daga inda nake daka. Ba sai na hau jirgi ba, ba sai an buga takarda ba, da na juya na ce, "Iya, me kika ce?" da ta faɗa. Yanzu ina da waya a hannu da ke nuna mini kowace unguwa ta duniya daga sama, 'ya'yana suna iya nemo sunan garin da aka rushe tun kafin a haifi kakansu, amma babu wanda zai ce mana wannan ne. Su da Turanci suke ba ni amsa, wasan ƙasa kuma ba su san shi ba, don a hawa na biyar muke. Na koya musu hanyar daga rijiya zuwa hubbare, da ma'anar kowace kalma. Daga nan sai in ce musu akwai gari a gaba, kakata ta san sunansa.